Kada Mu Yi Kitso da Ƙwarƙwata: Kula da Gashin 'Ya'yanmu a Gida da Birni

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Daura

  



GABATARWA

Sa'ad da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takardar gayyata, mun san abin da yake sa rai shi ne mu yi magana a kan rufin ajujuwa, ko ƙarancin malamai, ko sakamakon jarrabawa, tun da a wannan fage muka ƙare ƙuruciyarmu. Da muka ce a kan gashin yara za mu yi magana, wani daga cikinsu ya yi dariya, ya ce ashe tsufa ya fara taɓa Hedimasta. Ba mu ga laifinsa ba. Amma muna roƙon a saurari dalilinmu kafin a yanke mana hukunci.

A Babbar Sallar bara, aka kawo mana wata jikarmu 'yar shekara 6 daga birni. Da ta shiga ɗakin kakarta ta cire hijabi, sai muka ji salati daga tsakar gida. Gashin gaban goshinta ya tafi kamar faɗin yatsa biyu, ga kuma tabon ƙuna a bayan kunnenta na dama. Da aka tambayi uwarta, ta ce biki za a yi, ta kai ta shagon gyaran gashi aka sa mata rilaksa, bayan kwana biyu aka yi mata ƙananan kitso da ƙarin gashin doki, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Likitan da ya duba yarinyar ya ce na goshi zai iya dawowa in an bar shi ya huta, amma inda tabon yake gashi ya yi sallama da wurin. Uwar ba muguwa ba ce, mai ilimi ce, tana kuma son 'yarta. Abin da ya faru shi ne ta tashi a birni nesa da wadda za ta nuna mata, ta ɗauki abin da ta gani a talabijin da waya ta aza a kan 'yarta.

Tun daga ranar muka fara lura da kawunan yaran da ake kawowa gida hutu, muka kuma yi ta tambayar tsofaffi da wanzamai da ma'aikatan lafiya. Abin da muka tattara shi muka kawo muku yau.

ABIN DA MUKA GADA

Bahaushe bai taɓa ɗaukar kan yaro da wasa ba. Ranar suna, kwana 7 da haihuwa, bayan an raɗa suna an yanka rago, wanzamin gida ne ke zama ya yi wa jinjiri askin farko, yana kaffa-kaffa da maɗiga. Wannan ya dace da sunna, wadda ta ƙara da cewa a yi sadaka da azurfa gwargwadon nauyin gashin da aka aske. Wanzanci sana'a ce ta gado mai shugabanta, wato Sarkin Aska, kuma kowane gida ya san wanzaminsa kamar yadda ya san limaminsa. A zamanin iyayenmu akan bar wa yaro tukku ko zanko, har malamai suka yi ta bayani cewa Annabi ya hana a aske wani sashe na kan yaro a bar wani, al'adar ta ja baya. Haka kuma ya zo a hadisi cewa wanda Allah ya ba gashi ya girmama shi, wato ya tsaftace shi ya gyara shi.

Ta wajen mata kuwa, kitso makaranta ce. Yarinya takan zauna tsakanin ƙafafun uwarta ko gwaggonta ko makitsiyar unguwa, a tsefe mata, a wanke da karkashi ko sabulun salo, a shafe da man shanu ko man kaɗe, sa'an nan a kama kitso, ko shuku, ko kalaba, ko zane, manya kuma su yi doka. A wannan zama take jin tatsuniya, ta san dangin uwa da na uba, ta koyi zama wuri ɗaya. A nan ne kuma babba ke ganin fatar kan yarinya da idonta, in akwai ƙurji ko ƙwai na ƙwarƙwata a gano shi da wuri.

Makarantar boko ma ta ɗora a kan haka. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa duba tsafta darasi ne kamar lissafi. Mu da muka fara aiki a shekarun da suka biyo bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da ajujuwa suka cika suka batse, kowace Litinin da safe mukan jera yara mu duba farce da haƙora da kai. Wanda aka ga tabo a kansa akan rubuta wa ubansa takarda, ko a aika a kira shi. Ba mu ce komai na da daidai ne ba, domin za mu zo kan kurakuran da muka yi. Abin da muke cewa shi ne, a da akwai idanu da yawa a kan kowane yaro, yau kuwa a gidan haya na Legas ko Abuja daga uwa sai uba, su ma sun fita aiki tun asuba.

YADDA GASHINMU YAKE

Kafin a gyara abu sai an san halinsa. Masana sun ƙiyasta cewa kan ɗan Adam yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kowane sili kuma yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata. Silin gashin mutanen Sin, in an yanka shi aka duba da madubin likita, zagayayye ne kamar tsinke, shi ya sa yake sauka a miƙe. Namu na baƙar fata kuwa shafaffe ne, yana fitowa daga rami mai lanƙwasa, saboda haka yake murɗewa yana naɗewa. Wannan murɗewa ita ke ba shi cika da kyau, ita ce ta sa yake riƙe kitso yadda na wasu ba ya riƙewa. Amma tana da sakamako biyu da ya kamata kowane mahaifi ya sani.

Na farko, maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen gashi, a kan murɗaɗɗe kuwa ba ya kaiwa ƙarshen sili. Don haka gashinmu mai saurin bushewa ne, balle a ƙasa irin tamu da hunturu ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Na biyu, kowace lanƙwasa a jikin sili wuri ne mai rauni, in an ja shi da ƙarfi yana bushe a nan yake tsinkewa. Sau da yawa uwa takan ce gashin 'yarta ba ya tsawo. Yana tsawo, sai dai abin da ya ƙaru daga tushe a wata mataji ya karye shi daga baki. Gashin da muke kira mai tauri, a gaskiya shi ya fi kowane buƙatar a bi shi a hankali.

Akwai kuma wata magana da muka daɗe muna ji, wai yawan aski yana sa gashi ya yi kauri ko ya yi yawa. Aska ba ta kaiwa inda gashi ke tsira, domin tushensa yana cikin fata. Jinjirin da gashin ƙeyarsa ya goge saboda kwanciya, ko wanda laushin gashin haihuwarsa ya sauya ya zama mai murɗewa, lafiyarsa lau, haka halitta take.

WANKI DA TAZA DA MAI

Wanki sau ɗaya a mako, ko a mako biyu in akwai kitso, ya wadatar wa yawancin yaranmu, sai fa in yaro ya yi birgima a ƙasa ko gumi ya yi yawa. Wankin kullum da sabulu mai kaifi yana kwashe ɗan maiƙon da ke akwai. Sabulun wanki da omo ba na kan yaro ba ne. A sa shamfu mai sauƙi ko sabulun salo kaɗan, a cuɗa fatar kai da tafin yatsu ba da farce ba, a ɗauraye sosai.

Kada a taje gashin yaro yana bushe. A jiƙa shi, a sa masa abu mai santsi, a raba shi gida huɗu ko shida, a fara warware sarƙewar da yatsu, sa'an nan a ɗauki mataji mai manyan haƙora a fara daga bakin gashi ana hawa zuwa tushe, ɗayan hannun yana riƙe da gindin don kada fata ta ja. Mu da muka taso muna jin kukan 'yan mata ranar tsifa mun ɗauka dole ne taza ta yi zafi. Ba dole ba ne. Yarinyar da ake dungure wa kai ana ce mata ta cika raki, abin da take koya shi ne gashinta azaba ne, ita ce kuma gobe za ta fara neman abin da zai raba ta da shi.

Abu mai santsin nan da muka ambata, kakanninmu sun riga kamfanoni saninsa. Busasshen ganyen karkashi in an jiƙa shi a ruwan ɗumi yakan saki yauƙi mai wanke gashi ya kuma warware shi. Ganyen da ake tallarsa a intanet da sunan ambunu, ana kai shi Turai da Amurka daga Chadi a ƙananan leda da tsada, karkashin nan ne da muke miya da shi, wanda ake aunawa a kasuwar Daura da ta Mai'aduwa. Haka man kaɗe: Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, an sha fitar da ita waje a sarrafa, a dawo mana da ita cikin kwalba da sunan Turanci mu saya ninkin ba ninkin.

Sai dai a fahimci aikin mai. Ruwa ne ke ba gashi laushi, mai kuwa rufe shi yake yi don kada ruwan ya tsere. Wanda ya lafta basilin a kan busasshen gashi ya rufe bushewa ne a ciki. A fara yayyafa ruwa, sa'an nan a murza man kaɗe ko man zaitun ko na kwakwa kaɗan a tafin hannu a shafa, a fi ba bakin gashi. Man shanu yana da kyau, amma in ya kwana biyu a kai cikin zafi yakan yi ɗoyi, saboda haka a shafa shi kafin wanki. Wani abin lura ga 'yan matanmu da ke wuni cikin hijabi daga boko zuwa Islamiyya: kada a rufe kai yana jiƙe. A yi wanki ranar da babu makaranta, a bari ya bushe sarai. Da dare kuma a ɗaura ɗankwali mai santsi, domin matashin auduga yana tsotse laushin gashi.

KITSO DA IYAKARSA

Kitso kariya ne ga gashi muddin bai yi tsauri ba. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to kitso ma a gaban goshi ya fi ɓarna, domin gashin wurin shi ne mafi rauni. In aka yi ta jan sa wata da watanni, tushen yakan kumbura, gashin ya zube. Da farko yana dawowa in an sassauta. In aka ci gaba shekara da shekaru, ramin yakan toshe da tabo, kuma babu man da zai sake tsirar da shi.

Wannan ba zato ba ne. A 2007 wata likitar fata ta Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, tare da abokan aikinta, sun buga sakamakon binciken da suka yi a unguwar Langa. Sun tarar kimanin 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta suna da irin wannan zubewar gashi, a manyan mata kuwa kusan ɗaya cikin uku. Sun kuma lura cewa abin ya fi tsanani ga waɗanda aka yi wa kitso a kan gashin da aka sa wa rilaksa, wato daidai abin da ya sami jikarmu.

Alamun kitson da ya wuce kima a bayyane suke: yarinya ta kasa kwanciya a daren da aka yi shi, ko ta yi kukan ciwon kai, ko a ga fatar goshi ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje su fito a bakin layi. Duk kitson da sai an ba yarinya farasitamol kafin ta yi barci, a kwance shi a daren, ko nawa aka biya. A gaya wa makitsiya ta bar gashin goshi da na gefen kunne sako-sako. A riƙa sauya salo da wurin tsaga, a bar kai ya huta kwana biyu tsakanin tsifa da sabon kitso, kuma kitson yarinya kada ya wuce mako biyu zuwa uku. Roba mai matsewa da tarin duwatsu masu nauyi suna ja kamar yadda hannu ke ja. Game da ƙarin gashi kuwa, malamai sun daɗe da bayyana hanin da ya zo a kansa, likitoci kuma sun nuna nauyinsa yana tuge na asali. Magana ta haɗu.

RILAKSA

Yawancin iyayen da ke sa wa yara wannan mai ba su san abin da ke cikinsa ba. Mafi ƙarfinsa ana yin sa ne da sodar nan da mata ke dafa sabulu da ita, wadda kowa ya san in ta taɓa hannu sai ta ci. Wanda ake rubuta wa cewa na yara ne, da hoton yarinya tana murmushi a kwali, an sauya sinadarin da wani ɗan'uwansa, amma aikinsu ɗaya: su karya ƙullin da ke cikin sili har ya miƙe. Gashin da aka yi wa haka ba ya komawa yadda yake, ya kuma rasa ƙarfinsa. Sabon da ke fitowa daga tushe murɗaɗɗe ne, saboda haka bayan wata biyu sai an sake, a mahaɗar tsoho da sabo kuma yake karyewa. Fatar kan yaro ta fi ta babba taushi, shi ya sa ƙuna ke saurin kama ta.

Akwai kuma abin da ya fi ƙuna. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun buga sakamakon bibiyar mata fiye da 33,000 na tsawon kusan shekara 11. Sun tarar cewa matan da ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa amfani da shi fiye da sau biyu. Masu binciken sun ce alaƙa suka gani, ana kuma ci gaba da nazari. Amma uba mai hankali ba ya jiran a gama gardama kafin ya janye 'yarsa daga bakin rijiya. Babbar mace tana da zaɓin abin da za ta yi da kanta. Yarinya 'yar shekara 5 ba ta zaɓa ba, mu muka zaɓa mata, mu kuma za a tambaya.

MAKERO DA ƘWARƘWATA DA ASKA

Yanzu mu dawo gida, domin matsalar yaran ƙauyukanmu na Zango da Ɓaure da Sandamu daban take da ta yaran birni. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san makero: tabo zagayayye mai furfura a kan yaro, gashin wurin ya kakkarye. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, tana yaɗuwa ta aska da kilifa da mataji da hula da matashi, ta fi kama 'yan firamare da almajirai masu kwana wuri ɗaya. A nan za mu amsa laifinmu. Shekaru muna sa a kankare wa yara kai, muna kallo ana shafa musu baƙin mai na mota ko ruwan batir, muna zaton magani ne. Daga baya muka fahimci cewa ƙwayar tana cikin silin gashi da tushensa, inda man shafawa kaɗai ba ya kaiwa. Maganinta na sha ne, irin su girisiyofulbin, na tsawon mako 6 zuwa 8, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. In aka yi sakaci wurin yakan kumbura ya yi ruwa, ya bar sanƙo na har abada a kan yaro ɗan shekara 8.

Ƙwarƙwata ba ta tashi ba ta tsalle, daga kai zuwa kai take rarrafawa, kuma kamuwa da ita ba shaidar ƙazanta ba ce. Maganinta mataji mai ƙananan haƙora a kan jiƙaƙƙen gashi, da maganin da aka yi dominta daga kantin magani, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe, a kuma duba duk 'yan ɗaki. Muna roƙonku da girman Allah, kada a zuba wa yaro fiya-fiya ko kananzir a kai. Guba tana shiga jiki ta fata. A 2019 jaridun ƙasar nan sun ba da labarin wata 'yar bautar ƙasa a Jihar Osun da ta rasu bayan ta sa maganin ƙwari a gashinta. Kuma kada a kama kitso a kan ƙwarƙwata don a rufe kunya ranar Sallah. Kakanninmu da suka mai da wannan karin magana sun san abin da suke faɗa.

Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta mai shiga ta jini, da ma cutar ƙanjamau. An shigar da allurar rigakafin wannan ciwon hanta cikin rigakafin yara na ƙasar nan a 2004, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, wato tun kafin ranar askin suna. Uba ya tabbatar an yi ta, ya kuma sayi sabuwar reza ya miƙa wa wanzami da hannunsa. Wanzaman kirki ba sa jin haushin haka. Mazauna birni kuma, kuɗin kilifa ɗaya ta gida bai kai kuɗin jinyar wata guda ba.

Abu na ƙarshe a wannan babi: gashi madubin ciki ne. Yaron da gashinsa ya yi ja, ya yi laushi yana tugewa da an taɓa, ga kumburin ƙafa, tamowa ce ke cinsa. Wata likita Baturiya, Cicely Williams, ita ta bayyana wannan cuta a rubuce a shekarun 1930 a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Irin wannan yaro asibiti yake buƙata da abinci mai gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da nono da zogale, ba man kanti ba.

'YA'YAN RUWA BIYU DA MAZAUNA ƘETARE

Cikinmu akwai waɗanda Allah ya haɗa aurensu da Larabawa ko Turawa ko mutanen Asiya. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da tarihinsa na baka ya ce Bayajida daga Bagadaza ya zo, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, suka haifi Bawo. In mun bi wannan labari, kakan sarakunan Hausa shi kansa ɗan ruwa biyu ne. Balle mu da ke bakin iyaka, muna auratayya da Fulani da Buzaye da mutanen Damagaram tun kafin a ja layi a Kwangwalam.

Gashin irin waɗannan yara ba shi da ƙa'ida ɗaya. Wa da ƙane sukan bambanta, kai ɗaya ma yakan zo da laushi a gaba da murɗewa a ƙeya. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne: uwa baƙuwa ta bi shi yadda take bin nata, wanki kullum da buroshi a bushe, ko kuma dangin uba su lafta masa mai mai nauyi su ja shi da kitso irin namu. Mun ga na farkon da idonmu. Ɗan wani amininmu ya zo da iyalinsa daga Ingila lokacin bikin Gani, da 'yarsu 'yar shekara 4 wadda gashinta ya dunƙule ya zama kamar tabarma, har uban ya yanke shawarar a aske. Wata tsohuwa a gidan ta ce a ba ta yini ɗaya. Ta jiƙa karkashi, ta zaunar da yarinyar a cinyarta, tana warwarewa da yatsu tana yi mata wasa, daga hantsi har la'asar. Uwar, Baturiya, ta zauna a tabarma tana kallo, daga baya ta karɓa ta gwada. Da za su koma, karkashi da man kaɗe ta cika jaka da su. Ba su da harshe ɗaya ita da tsohuwar, amma sun rabu suna kuka. Darasin shi ne, surukarmu baƙuwa koyarwa take buƙata, ba gori ba.

Sai kuma harshenmu. Mu daina cewa wannan yarinya ta yi sa'ar gashi mai kyau irin na Larabawa a gaban 'yar'uwarta mai gashi irin namu. Yara suna ji, suna kuma ajiyewa. A ƙasashen da 'ya'yanmu ke zaune wannan magana ta kai ga hukuma. A 2016 'yan mata baƙaƙe a wata makarantar sakandare ta Piritoriya sun yi zanga-zanga saboda ana matsa musu su miƙar da gashinsu. A 2019 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da ta hana a nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda gashinsa na halitta ko kitsonsa, wasu jihohi da dama suka bi sahu. Abin da wasu ke zuwa majalisa su nema, mu gadonsa muka yi. Abin kunya ne a ce a gidajenmu ake fara koya wa yarinya raina shi.

KIRA GA ƘUNGIYA

Shugaban taro, ba mu zo da magana kawai ba, mun zo da roƙo guda huɗu.

Na ɗaya, ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta na bana, ta haɗa kai da sassan lafiya na ƙananan hukumomin masarautar nan biyar, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure, a zaɓi firamare ɗaya da makarantar allo ɗaya a kowace, a duba kawunan yara, a ba masu makero magani har su gama. Likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙungiya su ba da kwana ɗaya daga hutunsu.

Na biyu, a nemi izinin fada a zauna da Sarkin Aska da wanzamai da masu shagon aski, cikin girmamawa, a kan reza ɗaya mutum ɗaya da tsaftace kilifa tsakanin kai da kai.

Na uku, reshen mata ya zagaya wurin tsofaffin makitsa, a ɗauki hoton kowane kitso da sunansa da lokacin da ake yin sa, a buga a mujallar baɗi. Yawancin waɗanda suka san doka da hannunsu sun manyanta.

Na huɗu ya rataya a wuyan kowane uba da ke zaune a nan. Mun saba cewa kan yarinya sha'anin mata ne. To kuɗin rilaksa daga aljihun wa yake fita? In ka koma masauki yau, kira 'yarka ko jikarka, ka ce ta cire ɗankwali, ka dubi goshinta da bayan kunnenta, ka dubi kan ɗanka. Minti biyu ne. Mu da muka yi shekara 35 muna duba kan 'ya'yan mutane, ba mu duba na jikarmu ba sai da aka makara.

KAMMALAWA

Jikar tamu tana nan, an daina sa mata komai sai ruwa da man kaɗe da kalaba sako-sako, gashin goshin ya fara tsirowa. Tabon bayan kunne kuwa yana nan, takan sa yatsa ta taɓa shi in tana karatu. 'Ya'ya amana ce, kuma amana ba ta da ƙaramin sashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yarinyar da ta tashi tana jin hannun uwarta a kanta da sauƙi, haka za ta yi wa tata.

Muna neman afuwar duk wanda maganarmu ta sosa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Daura da Jihar Katsina da Nijeriya lafiya, ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.